Buhunan Datsi

Litinin, da hantsi

Sun gama kafa shingen. 'Yan gabas sun ja nasu a bakin rafi tun shekaranjiya, 'yan yamma kuma suka wayi gari yau suka ja nasu a tsakiyar babban titi, daidai ƙofar shagona. Na ɗaga ƙyaure da safe sai ga waya mai ƙaya tana kallona. Masu kawo min ɗinki rabinsu a tsallaken titi suke. Yanzu sai dai mace ta ɗaga min yadi daga nesa, ni kuma in auna ta da ido.

Babu wanda ya gaya mana dalili. Rediyon gabas na faɗin nasa, na yamma na faɗin nasa, kuma cikinsu babu wanda ya ko ambaci garinmu. Layin waya ma an yanke. Mu 'yan unguwar tsakiya ga mu nan, gaba kura baya siyaki.

Talata, bayan la'asar

Kofur ɗin da ke gadin shingen rafi ya kawo min riga in gyara masa aljihu. Baƙo ne, bai san garin ba. Ƙaddara ta sa ya same ni a gida, ya ga Baba zaune a zaure, ya gaishe shi, ya kuma yi kuskuren da duk baƙo ke yi.

"Baba, wai ku nan 'yan wace ƙasa ne?"

Shi ke nan, an sosa wa Baba inda yake masa ƙaiƙayi. Mutumin da tun safe nake fama ya buɗe baki ya sha magani, sai ga shi ya gyara zama har da gyaran murya. Labarin da na ji ya fi a ƙirga. Da masu jan layi suka zo raba ƙasa, suka rubuta cewa rafi shi ne iyaka. A lokacin rafin ta inda babban titi yake yanzu yake bi. Baba yana yaro aka yi wata ambaliya, ruwa ya fasa ta sama da gari, ya zagaya ta bayan gidajenmu, ya yi zamansa a can. Tsohuwar hanyarsa ta bushe, mutane suka ga fili shimfiɗaɗɗe, suka mai da shi titi, suka jera shaguna. 'Yan gabas suka ce su iyakarsu ruwa, duk inda ya bi, abin da ke tsallakensa ba nasu ba ne. 'Yan yamma suka ce su iyakarsu inda ruwa yake ranar da aka rubuta, abin da ke tsallaken titi ba nasu ba ne.

"Ƙasa biyu," in ji Baba, "kowacce ta yafe mu. Ka taɓa ganin ɗan da uwa da uba suka yi rigima a kansa, kowa na cewa na wancan ne?"

Kofur ya yi ta dariya. Ni ban ga abin dariya ba. Asibiti da makaranta suna yamma, kasuwa da maƙabarta suna gabas, mu a tsakiya abin da muke da shi filin ƙwallo ne da rijiya ɗaya da surutu.

Da Kofur ya miƙe, Baba ya riƙe masa hannu ya ce matarsa tana kwance a maƙabartar can, ya bar wa kansa wuri a gefenta, ya kewaye da duwatsu. In lokaci ya yi, za a buɗe shinge ko? Kofur ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Na karɓi rigar na ce ya dawo jibi. Na tsani maganar nan, kuma Baba ya san na tsane ta.

Laraba, da yamma

Bai ci ba.

Juma'a, da hantsi

Malamar asibiti ta miƙo maganin Baba ta ƙarƙashin shingen titi, a ƙulle cikin leda, kamar muna cinikin kayan sata. Ta yi min tambayoyi, na amsa. Sannan ta ce in riƙa ba shi duk abin da ransa ke so. Na ce ai abin da ransa ke so ba a hannuna yake ba.

Yaya ya zo bakin shinge. Gidansa da shagonsa na gyaran babur duk a tsallaken titi suke, in ya yi atishawa ina jin sa, amma yanzu wai ƙasarsa daban. Sai umarni yake ba ni ta cikin waya mai ƙaya: a dafa wa Baba kaza, a sa masa bargo, a daina ba shi ruwan sanyi. Na ce, "Yaya, tsallako ka yi da kanka." Ya ɓata rai. Da can da babu shinge ma sau nawa yake leƙowa? Amma na ga idonsa, sai na bar maganar.

Lahadi, bayan azahar

Tsohuwar Wanzami ta rasu da safe. Maza suka ɗauki makara har bakin rafi, Kofur ya tsaya a gaban shinge yana rantsuwa cewa umarni daga sama ne, ko kaza ba ta tsallakewa, mai rai ko matacciya. Suka juya titi, na yamma suka ce ba 'yar ƙasarsu ba ce. Matar da ta yi wa rabin yaran yamma wankan farko! Aka yi ta yawo da baiwar Allah cikin rana. Daga ƙarshe a bayan filin ƙwallo aka haƙa mata, kusa da inda ake zubar da shara. Mijinta da 'ya'yanta biyu suna can kwance a maƙabartar tsallaken rafi.

Na ja kunnen kowa kada a gaya wa Baba. Kafin in dawo daga gaisuwa Mai Shayi ya riga ya zo ya zazzage masa labarin har da ƙari. Bakin mutumin nan ba shi da murfi.

Baba ya sa na buɗe masa tagar baya, wadda ke kallon rafi.

Litinin, da safe

Bai ci ba. Shayi ma kurɓa ɗaya ya yi ya ture.

Laraba, da hantsi

Ana wata ga wata. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, sai yau mutane suka tuna da datsi.

Duk shekara kafin damina gari gaba ɗaya, gabas da yamma da tsakiya, ake hawa can sama inda rafi ya fasa, a cika buhuna da yashi, a jera su a toshe bakin tsohuwar hanya, don kada ruwa ya dawo titi. Baba ne ya ja ragamar aikin nan tun ƙarfinsa, Mai Shayi na bin bayansa da tukunya da surutu. Bana babu 'yan gabas, babu 'yan yamma, kuma babu sababbin buhuna, tunda daga kasuwa ake kawo su. Abin da ya rage tsofaffin bara ne da ɓera da rana suka gama da su.

Kan wa za su sauka? Kan Tela mana. Mai Shayi ya turo baro biyu shaƙe da yagaggun buhuna ya juye min a shago. "Tela, rayuwar titin nan tana ƙarƙashin ƙafarki. Ki taka keke." Na ce, da ma ban da ni wa kuke da shi? Ai shagona ne ma a gaba in ruwa ya zo, shi ya fi kowane shago gangarowa.

Buhu ba yadi ba ne. Ban yi nisa ba na karya allura biyu. Na ƙwala wa Yaya kira, ya je ya sayo min fakitin manyan allurai, ya cusa cikin tsohuwar safa tare da dutse ya jefo ta saman shinge. Saura kaɗan ya fasa min kai.

Alhamis, bayan magariba

Na dawo gida hannuwana duk sun kumbura, zaren buhu har cikin gashina. Baba ya dube ni ya ce, "Buhunan datsi kike yi?"

"Su ne, Baba. Ko bana ma ba za ka ji kunya ba."

"Ki bar su."

Na zaci zazzaɓi ne ke magana. Na taɓa goshinsa, ya ture min hannu.

"Na ce ki bar su. Rafin nan bai manta gidansa ba, mu ne muke hana shi shiga. In ya koma titi, na gabas da na yamma bakinsu ya zo ɗaya, iyaka ta zama titi. Mu kuma mun koma gefen uwarki. Ina yaro da ƙafa muke zuwa maƙabarta, ko tafin ƙafa ba ya jiƙewa."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Baba, kai da ka ƙare rayuwarka kana toshe ruwan nan? Shagona fa? Tun da aurena ya mutu na dawo gidan nan, da me nake riƙe da mu? Shagunan mutane fa? Yaya fa? In ruwa ya cika titi ko bakin shinge ba zai iya zuwa ba, ko muryarsa ba za ka ji ba!"

Ya ce, "Bayan filin ƙwallo ba na so." Ya juya ya fuskanci bango.

Tsoho da rigima! Wallahi yaro ya fi sauƙi, shi ko ba komai za ka iya ɗaukarsa ka goya.

Juma'a, da rana

Na yi buhuna tun safe. Na yi su da kyau ma, ɗinki biyu biyu, don haushi.

Asabar, da yamma

Bai ci ba. Ba ya min magana. In na shiga sai ya rufe ido, in na fita ina jin sa yana gyara kwanciya ya fuskanci taga.

Da na je zubar da ruwan wanki a bakin rafi na tsaya na duba abin da yake kallo. Ana hango bishiyar da ya dasa a kan Inna, ta yi tsawo ta fi sauran. Jifa ɗaya ce daga inda nake tsaye. Inna da ko kasuwa za ta je sai ya raka ta bakin gada yana mita cewa ta cika daɗewa. Na tsaya a nan har Kofur ya tambaye ni ko lafiya. Na ce masa ina ruwansa.

Lahadi, da hantsi

Na gaya wa Mai Shayi allurai sun ƙare, duk sun kakkarye, keke ya tsaya. Na ba shi abin da na gama, bai kai rabi ba.

Ya cire hula ya sosa kai, ya daɗe yana kallon keken. Ya ce, "To, Allah ya sa haka ya fi alheri." Mutumin da bakinsa ba ya hutawa, iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ya raba wa mata sauran buhunan su yi da basilla. Buhun da ya ruɓe, a ɗinke shi da hannu, na san abin da zai iya riƙewa.

Kada kowa ya tambaye ni komai.

Litinin, bayan la'asar

Labari ya tsallaka shinge, shi ba ya buƙatar izini. Yaya ya kira ni.

"An ce wai allura ta ƙare miki. Fakiti guda fa na jefo miki, ke ƙanwata cin su kike yi?"

"Marasa kyau ka sayo."

"Bari in ƙaro wasu."

"Kada ka wahalar da kanka, Yaya."

Ya tsaya yana kallona ta cikin wayar. Yaya ba shi da saurin gane abu, tun muna yara haka yake, sai an gama dariya yake tambaya me aka ce. Amma yau na ga lokacin da abin ya faɗo masa. Can ya ce, "Shi ya ce?" Na ce ina da tukunya a wuta.

Yana bayana yana cewa, "To ki kawo min shi in gan shi. Kin ji ko? Ki kawo min shi gobe."

Talata, da hantsi

Wanzami da Mai Shayi suka ɗauko Baba a kan kujera har bakin shingen titi. Nauyinsa bai kai na buhun gawayi ba, na ga Wanzami ya ɗaga da ƙarfi har ya kusa faɗuwa da baya. Yaya ya zuro hannu ta tsakanin ƙaya, Baba ya riƙe. Na ce yau za a yi magana mai ma'ana. Ina! Sai Baba ya kama yi masa faɗa wai ya daina barin man inji yana zuba a ƙofar shago, yara na zamewa. Yaya na cewa to Baba, to Baba. Ƙaya ta yanki Yaya a damtse, jini na bin hannunsa, bai janye ba. Ni na gaji da kallonsu na shiga shago na hau kwance keke.

Na sa an kai min keken gida. Na bi shagunan ɓangarenmu ɗaya bayan ɗaya na ce kowa ya ɗage kayansa sama, Yaya kuma ya bi na ɓangarensu. Matar mai kayan miya ta ce, "Tela, wato ba ki yarda da datsin bana ba?" Na ce ni ban yarda da komai na bana ba.

Alhamis, da yamma

An yi ruwan farko. Datsi ya riƙe. Ban san ko murna zan yi ba. Na ƙona shinkafa.

Juma'a, da safe

Ko ruwa da ƙyar. Ya tambaye ni ko akwai hadari. Na ce, "Baba, ni ba ni ke ba da ruwa ba."

Lahadi, bayan azahar

Tun hantsi ake zuba shi kamar da bakin ƙwarya. Wajen azahar muka ji ƙara daga sama da gari, sai ihun mutane. Na fita da buhu a ka. Ruwa ja wur ya shigo titi daga bango zuwa bango, ya ɗauke bencin Mai Shayi, ya ɗauke rumfar mai faci, ya kwantar da shingen 'yan yamma. Ina tsaye ina kallo ya ɓalle ƙyauren shagona ya shiga kamar gidan ubansa. To, gidan ubansa ne ɗin.

Teburin yanka ya tafi. Madubin da na saya da ɗinkina na farko ya tafi. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, kuma kukan haushi ne. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi.

Talata, da hantsi

Rafin baya ya zama yashi da kwatami, yara na tsintar kifi da hannu. Titi kuma ya zama rafi, yana ta ruri, ba ka jin maganar wanda ke tsallake.

Wani babban jami'in gabas ya zo da mota, ya tsaya a kan gada yana leƙen inda ruwa yake da, ya zagayo ya leƙa inda yake yanzu, ya yi ta magana a na'urarsa. Ba a jima ba sai ga su Kofur suna naɗe shinge. Suka kawo shi bakin titi suka kafa, har da tuta a kan rufin Mai Shayi. Wai yanzu mu 'yan ƙasa ne. Shekara da shekaru ba su ba mu ko turken lantarki ba, amma tuta ba ta kwana a hanya ba.

Kofur ya shigo da kansa ya durƙusa ya gaya wa Baba hanya ta buɗe. Baba ya ce in haɗa masa shayi. Ya shanye kofi guda, ya ce sukari bai ji ba.

Laraba, bayan la'asar

Yana ta tambayar Yaya. Na je bakin ruwa na yi ta ɗaga hannu har aka kira shi. Ya yi ta ihu, ni ma na yi ta ihu, ruwa ya cinye duka. Na dawo na ce wa Baba yana gaishe shi, ya ce ya share man injin. Baba ya ce ƙarya nake yi, yaron nan bai taɓa share komai ba.

Alhamis, da rana

Da safe ne ya cika, bayan na buɗe masa taga.

Mai Shayi ya kawo farin yadi ya tsaya a zaure yana juya shi a hannu, yana cewa ko a ba mata su yi da hannu. Na karɓa na shiga ɗaki. Na ciro safar Yaya daga ƙarƙashin katifa, na sa allura, na taka keke. Unguwa ta yi tsit, na san har bakin rijiya ana jin ƙararsa. Mutanen da bencinsu da rumfarsu suka bi ruwa duk suna zaune a ƙofar gidanmu.

Da na fito na miƙa masa, Mai Shayi ya duba ɗinkin ya ce, "Keke ya tashi ke nan."

Na ce, "Ya tashi."

Ya ce, "Madalla. Ai mu ma da muka je jera buhunan, ba mu matsa su sosai ba." Wanzami ya ce masa ya yi wa mutane shiru.

Ta ƙofar baya suka fita da shi. Na tsaya a tagarsa ina kallo suka gangara, suka taka yashi, suka haura. Babu wanda ya ko naɗe ƙafar wando. Kofur ma ya karɓi makara ya ɗan taka da ita. Na ga sun tsaya a ƙarƙashin bishiyar.

Alhamis, da yamma

Na je bakin titi. Yaya yana tsallake, an ce tun safe yake tsaye a nan, da farar rigar da na ɗinka masa bara. Ya ɗaga hannu yana tambaya. Ban ɓata muryata ba. Na ɗaga yatsu biyu, na haɗa su gefe da gefe, na riƙe a sama har na tabbata ya gani.

Ya gyaɗa kai. Sai ya zauna dirshan a cikin taɓo ya rufe fuska da hannu. Babba da shi, da farar riga, a cikin taɓo. Na yi ta ce masa ya tashi zai ɓata rigar, ya tashi mana, Yaya ka tashi. Ba ya ji na.